Baban Biyu da Matakan Tuƙi Goma Sha Ɗaya

Duk wanda bai taɓa jin Baban Biyu yana bayani ba, to bai san daɗin ilimi ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tsari. Mataimakin shugaban sashen tsare-tsare ne a wani kamfani, kuma tun da aka tura shi bita ta kwana uku ya dawo da jaka mai tambari da kalma guda, duniya ta shiga taitayinta. Kalmar ita ce mataki.

Kafin wannan bita, jahilci ya yi wa mutane katutu. Sai ka ga mutum ya tashi ya haɗa shayi kawai, bai san ya ratsa matakai biyar ba. Baban Biyu ne ya zo ya wayar da kan jama'a. A ofis, mai neman biro sai ya bi mataki huɗu, na huɗun shi ne a gaya masa babu. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Matakai. Da ya ji, sai ya yi murmushi ya ce ai gaskiya ba ta ɓuya.

"Ku bambance," yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Kashi yanki ne, ko ina ka ga dama ka fara. Zango wurin hutawa ne, na ragwaye. Amma mataki, ba ka isa na biyu sai na ɗaya ya sallame ka. Kuma ni ne mai sallamar."

Ana nan sai matarsa, Maman Biyu, wadda ungozoma ce, ta samu ƙarin girma. Aka ba ta shugabancin ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibiti can bayan gari, inda motar haya ba ta zuwa sai rana ta take. Sharaɗi ɗaya ne: ta fara aiki nan da sati shida, ƙarfe bakwai na safe tana bakin aiki, in ba haka ba, a ba wa wata. Shekara tara tana jiran wannan kujera. Ta ce za ta shiga makarantar koyon tuƙi.

Baban Biyu ya dafe ƙirji. "Ina raye? A gidan da nake? Waɗancan ai kwashe-kwashe suke koyarwa. Ni zan horar da ke, mataki-mataki."

Washegari ya manna kwali a bangon falo, ya zana matakai goma sha ɗaya da jan biro, ya sa hannu a ƙasa har da kwanan wata.

Mataki na ɗaya shi ne Sanin Mota. Sati guda baiwar Allah tana zagaya motar maigidan da littafi, shi yana nuna taya da sanda yana tambayar menene wannan. Mataki na biyu, Girmama Mota, soso da bokiti ne kayan aikinsa. Motar ba ta taɓa ƙyalli irin na satin nan ba, kuma malamin ya yaba ƙwarai da hazaƙar ɗalibarsa.

A mataki na uku aka ba ta izinin zama a kujerar direba. Makulli dai yana aljihun malam, don tayar da inji sai mataki na bakwai. Amma kada a ce ya rage ta da wani abu, shi da kansa yake yi mata ƙarar inji da baki. In ta taka totur ya ƙara murya, in ta saki kuloci da sauri ya yi tari ya mutu. 'Yan biyun suna leƙe ta taga suna dariya har da faɗuwa. Maƙwabta kuwa suka ɗauka janareta ce ta lalace.

Sati huɗu suka wuce a haka. Maman Biyu ta dubi kwalin bango, ta dubi kalanda, abin ya ba ta haushi ƙwarai, har ta yi hawaye a kicin. Da ta share ido sai ta tsallaka gidan maƙwabciyarta, wata dattijuwa mai tuƙa motar 'yan makaranta. Dattijuwar ta saurare ta, ta miƙa mata makulli ta ce, "Shiga ki tayar, 'yata." Kullum da la'asar suna filin bayan kasuwa. Da yamma kuma ta dawo gida ta zauna a motar da ba ta motsi, maigida yana yi mata ruri a kunne.

Ranar da ta ce masa gobe za ta je gwajin lasisi, Baban Biyu ya yi dariyar manya.

"Daga mataki na uku? To madalla. Faɗuwa ma darasi ce. Zan kai ki da kaina, don in yi wa mai gwajin bayanin inda kika tsaya."

Ya sa babbar riga, ya rataya jakar bita, ya tuƙa su har harabar gwaji. Da isarsu ya tsaya tsakiyar ƙofa, ya toshe hanya, ya fito yana gyara hula. Mai gwajin wani siririn mutum ne mai allon rubutu a hannu, wanda da gani tun safe yake shan rana.

"Malam, ka tare hanya. Yi ribas ka shiga tsakanin duron can biyu."

A nan fa ake yinta. Shekara goma sha huɗu Baban Biyu yana tuƙi, amma shi mutum ne mai ci gaba, bai yarda da komawa baya ba. Duk inda zai ajiye mota sai ya nemi inda zai fita da gaba, ko da zai zagaya unguwa sau uku.

"Ribas," ya ce, yana share goshi, "yana da matakai shida. Na farko, nazarin madubi..."

"Malam, mutane na jira."

Ya shiga. Ya yi nazarin madubi. Motar ta yi tsalle gaba, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta zabura baya a karkace, ta kwashi duron hagu, ya gangara yana ƙara har gindin bishiya, inda masu jiran gwaji suka watse da gudu. Ya juya sitiyari don gyara, sai duron dama ya bi ɗan'uwansa.

Mai gwajin ya rubuta wani abu a allonsa. "Ka faɗi. Ka dawo bayan wata uku. Sunanka?"

"Ni ba ɗalibi ba ne! Ni ne malamin!"

Maman Biyu ta matso a hankali. "Baban Biyu, ɗan fito in gwada."

Aka tayar da duron biyu. Ta zauna, ta ja kujera gaba, ta waiga sau ɗaya, ta zura motar tsakaninsu sumul kamar zare a allura. Mai gwajin ya shiga gefenta suka zagaya gari. Da suka dawo yana sa hannu a takardarta, ita kuma farin ciki ya hana ta rufe baki. Kujerar asibiti ta zama tata.

Baban Biyu ya riga ya farfaɗo. Ya gyara riga, ya tako gaban jama'a, ya ɗaga yatsa.

"Kun gani ko? Wannan fa mataki uku kawai ta yi a hannuna. Ku yi tunanin da ta kammala sha ɗayan!"

Mai gwajin ya dubi duron biyu da suka lotse, ya dubi Baban Biyu tun daga hula har takalmi, sannan ya miƙa wa matar takardarta.

"Malama, ki gode wa Allah da kika tsaya a na uku. Ki kai shi gida, kuma don Allah ki sa shi a baya."