Donk, Mun Ƙoshi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kalma ɗaya tak, ita ma ta aro, ta tona mini asiri a gaban surukaina. Shekarar farin nan ce da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanyar Takieta. Ina saurayi, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Zinder, yara na kira na mushe (malam ke nan da Faransancinsu), ni kuwa ina jin kamar ni na kawo Faransanci Damagaram. Ina da wata ɗabi'a: ba na iya haɗa magana biyu sai na cusa "donk" a tsakani (kalmar Faransanci ce mai nufin "saboda haka", amma ni ko babu dalili sai na faɗe ta).

Kuma ni ɗan gani-kashe-nin rediyo ne. Na yarda da ita fiye da idona. In ta ce an yi ruwa a Gaffati, ko na ga ƙasa a bushe ƙamas zan ce ai shanyewa ta yi. A lokacin kuwa kalmar "yunwa" ba ta fita daga bakinta, sai dai a ce damina ta ɗan yi gardama. Mutane na cin ganye, ita tana kiɗan godiya ga hukuma, ni ina gyaɗa kai da tuwon gidanmu a cikina.

Wata rana Lawali, wanda muka yi lakwal tare, yanzu ma'aikacin gidan rediyo, ya same ni da akwatin ɗaukar murya a kafaɗa, ransa a ɓace. An aiko shi ya ɗauko muryar manomi mai godiya, ya zaga ƙauyuka, kowa ya buɗe baki sai kalmar da aka hana.

"Mushe, kai kaɗai za ka fid da ni," in ji shi. "Murya irin taka asara ce a bar ta a aji."

Da jin haka kaina ya kumbura. Ni da ban taɓa riƙe hauya ba, ɗan masu fataucin fata a Zango, na yarda zan zama manomi. Muka koma bayan lakwal, kusa da awakin maƙwabta don a ji kukan ƙauye. Ya ce in ajiye Faransanci, in zaɓi sunan gari. Ban yi dogon tunani ba na ce Dogo, domin can Rabi take, yarinyar da nake nema, kuma a wautata gata zan yi musu, a ji sunan garinsu a rediyo. Na kausasa murya na ce:

"Mu mutanen Dogo sai godiya. Gero ya yi, dawa ta yi, rumbuna sun cika. Donk, mun ƙoshi. Mai cewa akwai matsala, donk, ba ya son ƙasa."

(Rantsuwa zan iya yi ban ji kaina na faɗe ta ba. Lawali ma bai ji ba, don ya saba da ita a bakina.)

Aka yi ta sa muryar safe da yamma. Ina ji ina murmushi, ban gaya wa kowa ba.

Wata Juma'a na ci ado, na sha turare, na tafi Dogo gaisuwar surukai. Na tarar da Baba Ilu, mahaifin Rabi, da dattawan gari zaune gindin gawo, duk sun rame, rigunansu sun yi musu yawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa, aka gaisa. Aka kawo mini ƙwarya da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ɗacinsu ke raguwa. Abin da ya rage a garin ke nan, shi ma baƙo aka girmama da shi.

Hirar da na katse ta ci gaba, kuma hirar wani la'ananne ce. Ashe kamyo, babbar motar hatsin agaji, ya bi ta gefen Dogo ya wuce bai tsaya ba. Da suka je biro, ofishin hukuma, suka yi kuka, babban da ke can ya ce musu ai shi da kunnensa ya ji ɗan garinsu na cewa sun ƙoshi. Tun ranar suke neman mutumin gida-gida. Wani tsoho ya ce in ya kama shi sai ya cusa shi cikin rumbu ya liƙe, ya ci abin da ya ce yana ciki.

Tsoro ya kama ni, kunya ta fi shi.

Baba Ilu ya juyo. "Mushe, kai da ka yi karatu kake birni, ka san irin mutanen nan. Wane ne wannan mai ƙoshin? Har da wata kalma yake yi, ba mu san ta ba a Dogo."

Da na yi shiru da na tsira. Amma an tambayi mai ilimi a gaban jama'a. Na gyara zama, na yi gyaran murya.

"To Baba, al'amarin rediyo yana da wuyar ganewa. Donk..."

Tsohon nan mai zancen rumbu ya ɗago kai. Daga bayan dangar kara na ji wata dariya ta kuɓuce an toshe ta da hannu, na kuma san ta Rabi ce.

Baba Ilu bai ɗaga murya ba. Ya dube ni tun daga hula har tumbi. "Ashe kai ne. To wallahi ba ka yi ƙarya duka ba, kai kam ka ƙoshi." Ya ture mini ƙwaryar. "Cinye, manomin Dogo. Sannan ka tashi ka je ka dawo mana da kamyonmu. In bai zo ba, kai ma kada ka zo."

Na cinye tas, idona na hawaye, na ce ɗaci ne.

Washegari na je biro na durƙusa gaban babban. Na ce ranka ya daɗe, manomin nan na rediyo ni ne, ƙarya na yi, mutanen Dogo anza suke ci. Ya dube ni da wandon bature da alƙalami a aljihu.

"Mushe, kar ka raina mini hankali. Manomi na ji, har da awakinsa. Rediyo ta faɗa, kai wa?"

Ka ji fa. Ni na yi ƙaryar, ga ni da raina ina ƙaryata ta, ya ce ita ya yarda da ita. Na rantse, na roƙa, ya fara kallon ƙofa. Ina ganin Rabi na suɓuce mini, haushi ya taso, na manta da ladabi.

"Ranka ya daɗe, mutane za su mutu. Donk, a kai musu hatsi!"

Ya yi turus. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai ya kwashe da dariya har yana buga tebur, ya kira na waje su zo su ga manomin Dogo. Aka taru ana ta sa ni ina maimaitawa, ina yi, don ba ni da sauran mutuncin da zan kare. Kamyo dai ya je Dogo a satin. Rediyo kuwa ta ci gaba da sa muryata har damina ta gaba.

An ba ni Rabi, amma har yau a Dogo jikokin mutanen nan Donk suke kira na. Abin da na koya shi ne, duk lokacin da na ji talaka a rediyo yana rantsuwa ya ƙoshi, sai in kasa kunne in ji ko ɗan lakwal ɗinmu ne. Rabi kuwa, duk ranar da na dawo gida ban yi cefane ba, ba ta faɗa. Sai ta ajiye mini tukunya wayam a gabana, ta rusuna da ladabi ta ce, "Bismilla, maigida. Donk, mun ƙoshi."