Ranar da Na Soya Karatun Jikana

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar bara waccan ba, har ƙasa ta rufe mini ido. Ku matso ku ji abin da hannun ga nawa ya aikata.

Jikana Nasiru (maigidan nawa da ko turmin zane bai taɓa saya mini ba) yana shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna. Ya ce akwai wata 'yar tsoka bisa ƙodar dabba, ba ta wuce ƙwayar gujiya ba. Ruwanta suke tatsa su yi wa ɓeraye allura, sannan su ba su maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, wanda in ya yi yawa yake ɗauke numfashi, su ga ko dafinsa zai ragu ko zai ƙaru. In bai yi aikin ga ba, sai ya maimaita shekara. Na ce Allah ya kyauta, mu muna kashe ɓera, ku kuna jinyarsa. Ban ƙara bi ta kai ba.

Ran layya ya bi gidajen Ƙofar Atiku ɗaya-ɗaya yana roƙon 'yar tsokar. Ya tara cikin kula, robar nan mai riƙe sanyi, ya zuba ƙanƙara, ya aje ɗakina, ya tahi wanka. Ni kuwa ina suyar kayan ciki, na buɗe kula, na ga nama yana shan sanyi a banza. Na ce yaran zamani ba su san darajar abu ba. Na wanke, na barbaɗa yaji, na juye a kasko.

Da la'asar sai ga malamarsa, Dakta Rifkatu, ta zo barka da Sallah, da niyyar ta karɓi 'yar tsokar da ya tara. Na cika mata kwano, har ina tsinto mata ƙananan. "Ci wanga, ɗiyata, ya hi taushi." Ta cinye tas, tana yabon hannuna.

Nasiru ya ɗauko kula, ya buɗe, sai ruwa. "Inna, mi ya hwaru da kayan da ke ciki?"

Na dubi kwano. Dakta ta dubi kwano. Na ji kamar in shige cikin kaskon.

"Inna, karatun shekara biyar kika soya!"

Na riƙe hannun baiwar Allah. "Ɗiyata, numfashinki lahiya?" Ta yi dariya har da hawaye. "Mama, bana ni ce ɓeran. Na ba shi mako biyu ya kawo wata."

Bayan Sallah kuwa yanka ya yi ƙaranci. Kwana goma sha biyu ina sammako zuwa kwata da kula bisa kai, da girmana da furfurata, ina leƙen ƙodar mutane. Nasiru dai ya gama lafiya. Amma har yau in na gitta, sai mahauta su ɗaga murya: "Hajiya, ɓerayen sun ƙoshi?"

Tun daga ranar, ko albasa na gani a hannun ɗan boko, sai na tambaya ko tana da jarrabawa.