Kare Yana Ƙiba, Jika Yana Ramewa

"Lafiya lau, Mormor. Ke ce dai na ga har yanzu ba ki mutu ba."

"Ina jira ka riga ni. Goge ƙafarka, ba garken aladu ka shigo ba."

Haka Asger da kakarsa Gudrun suke gaisawa duk ranar Lahadi, tun yana yawo da gajeren wando har ya zama ƙaton da sai ya karkace yake shiga ƙofar kicin ɗinta. Direban babbar mota ne, aladu yake tsallakawa da su Jamus. Ita kuwa Gudrun, duk ƙauyen nan namu na kusa da garin Tønder, a bakin iyakar Jamus, babu wanda bai san teburin kofinta ba. A nan in mace ta jera kek iri-iri, baƙo ba ya tsallake ko ɗaya. Ka ce ka ƙoshi, a ce ƙarya kake, a ƙara maka, kuma wanda ya bar saura a faranti ya zagi matar gida. Asger bai taɓa zagin kakarsa ta faranti ba. Ta baki dai, kullum.

To amma tun shigowar bazara Gudrun take sa masa ido. Farantinsa yana tashi fes kamar da, sai dai ba ta ganin muƙamuƙinsa yana motsi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi kuma Sofus, tsohon karenta mai kwanciya a ƙarƙashin tebur, ya yi nauyin da ko kujera ba ya iya hawa.

Abin da ya hana ta barci ba ramar jikan ba ce. Tun wata muguwar mura da ta yi, harshenta ya mutu, zaƙi da gishiri duk ɗaya take jin su, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Da hannu take awo, da farantin Asger take sanin ko ta yi daidai. Yayarta Ragna ma da haka ta fara. Gishiri take zubawa a madadin sukari, dangi suna ci suna yabawa suna kallon juna, har ranar da aka haɗa mata kaya aka kai ta gidan tsofaffi. Gudrun tana wurin, ita ma ta ci ta yaba. Saboda haka ta san yadda ake yi.

Shi ya sa wannan Lahadin ta gasa kek ɗin baƙin burodi mai kirim ɗin madara da jam na jajayen 'ya'yan itace, har biyu. Na kirki ta ɓoye shi a ɗakin ajiya. Ɗayan kuwa, da gangan ta antaya masa gishiri, ta yi masa ado, ta ajiye shi a tsakiyar tebur.

Tana zuba kofi tana ƙare masa kallo.

"Wace ce ita?"

"Wa?"

"Matar da ta ce sai ka rage tumbi kafin ta kalle ka. In makauniya ce ka faɗa mini in fara ɗinkin kayan biki."

"Ai tun da na gan ki ba haƙoran roba na haƙura da mata."

Ta ce to in ba mace ba ce, ciwo ne, kuma in ciwo ne ya faɗa da wuri ta ɗauke cokulanta na azurfa daga cikin rabonsa. Ya ce cokulan da ta sato a otal ai ba gado ba ne, kayan shaida ne. Ta tambaye shi ko ya shiga ƙungiyar masu cin ganye ne, irin waɗanda ke gudu da sassafe ba wanda ya kore su. Ya ce shi ko gobara ce a bayansa sai dai ta jira shi. Duk amsar da ya bayar tana da daɗin ji, amma Gudrun ta lura ko sau ɗaya bai kalli kek ɗin ba, shi da a da yake yin sallama da ido a kan tebur.

Ta yanka masa ƙato, ta tura masa.

"Ya yi yawa, Mormor."

"Yau na ji sabon yare. Ci."

Ta juya baya kamar za ta ɗauko madara, ta tsaya tana kallonsa a gilashin kabad. Ta ga ya gutsura da cokali, ta ga hannun ya sauka ƙarƙashin tebur. Ya yi haka har farantin ya kusa ƙarewa. Da ta juyo sai ga shi yana goge baki.

"Yaya?"

"Kamar kullum. Ba mai hannunki a ƙasar nan, shi ya sa muke haƙuri da bakinki."

A daidai nan Sofus ya fito daga ƙarƙashin tebur yana atishawa, ya wuce kai tsaye wurin kwanon ruwansa ya kafa kai. Gudrun ta ɗaga mayafin tebur. Ga kek ɗin nan a ƙasa, tuli guda, an lasa an bari.

Asger ya fara cewa karen ne ba shi da tarbiyya, amma bai ƙarasa ba, don kakarsa ta zauna, kuma ba irin zaman da ya saba gani ba ne. Ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Gishiri ne a ciki, ni na zuba da sanina. Kare ya faɗa mini gaskiya, kai ka yabe ni. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kek ɗina ya lalace kuke ɓoye mini? Uwarka ce ta ce ka riƙa yabawa? Kun riga kun nemo mini ɗaki kusa da na Ragna?"

Ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai tsorata ta, don Asger ko a coci sai an zungure shi yake rufe baki. Ta gaya masa maganar harshenta, abin da ba ta gaya wa ko likita ba. Ta ce farantinsa ne ma'auninta, kuma yanzu ta gane ma'aunin ma na jabu ne.

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙofa kamar mai lissafin gudu. Sannan ya ɗage rigarsa kaɗan, ya nuna mata gefen cibiya.

"Allura nake yi. Ta rage ƙiba. Kowane mako."

Gudrun ta sa tabarau ta leƙa. Ba ta ga komai ba sai tumbi, ta kuma faɗa masa haka. Ta ce wannan ƙarya ce ta gaggawa, an ƙera ta yanzu don a lallashi tsohuwa. Mutumin da ya suma a makaranta ranar rigakafi, har aka kira ta ta zo ta ɗauke shi, shi ne zai soki kansa da kansa? Sai da ya buɗe waya ya nuna mata takardar likita da sunansa a kai, ta riƙe wayar nesa da fuska, ta ce ai waya ma tana ƙarya.

"To me ya sa kake ɓoyewa kamar ɓarawo?"

"Don a wurin aiki duk wanda ya yi, cewa suke ya bi ta taga. In kana da ƙiba su ce ba ka da zuciya, in ka rame da allura su ce ba ka da zuciya. A bayan kwalbar mastad nake ajiye ta a firiji, ko uwata ba ta sani ba. Ke kuwa in na gaya miki, kafin a buga ƙararrawar coci duk ƙauye ya ji."

"Ni? Ni da na riƙe sirrin fitsarin kwancenka har ka shiga aji uku?"

"A wurin bikin Elna 'yar maƙwabciyarki kika faɗa, da lasifika."

Ta ƙyale wannan ta wuce. Ta tambaye shi yadda abin yake, ya ce in ya ci loma biyu sai ya ji kamar ya cinye duk abincin Kirsimeti, in ya matsa kuma zuciyarsa ta tashi, kirim ma ganinsa kawai ya isa. Da farko har a gefen babbar hanya ya sha tsayar da mota, aladu suna kallonsa.

Nan Gudrun ta samu abin riƙewa. Ta ce ita ma likita ya yi mata tayin allurar nan saboda gwiwoyinta, ta ce masa ya soka wa kansa. Abin da zai shiga cikin mutum ya hana shi son man shanu, wa ya san abin da zai hana shi so gobe? Ga tsada, kamar ana ciyar da doki. Kuma 'yar maƙwabciyarta Elna ta yi, ta zube har ana gaishe ta da jiki, ranar da ta daina sai ƙibar ta dawo ta taho da danginta.

"Sun kama ka ke nan har abada, kamar mai shan taba. Kuma wa ya san abin da za ta yi maka nan da shekara ashirin?"

"Ban sani ba. Amma likita ya nuna mini abin da tumbin zai yi mini kafin nan."

"Likita ai sai ya tsorata ka zai ci abinci."

"Ba likita ne ya tsorata ni ba. Jana'izar Morfar ce."

Gudrun ta ajiye kofinta. Mijinta Ejner, wanda Asger ke kira Morfar, ya rasu bara, kuma kamar yadda ake yi, 'ya'ya da jikoki ne suka ɗauki akwatin daga coci zuwa kabari. Asger yana riƙe da hannun gaba. Ana tsakiyar hanya ya saki, ya zauna a kan dutsen kabarin wani, sai wani maƙwabci ne ya karɓi wurinsa.

"Ai na gaya wa mutane baƙin ciki ne ya kayar da kai. Har fasto ya yabe ka."

"Numfashi ne ya ƙare. Tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa shagon burodi ba, na kasa kai shi. Baƙo ne ya kai kakana kabari, ni ina zaune ina haki."

Ya juya cokali a cikin kofi.

"Akwatinki kuma ba zan bari wani ya karɓa ba. Ga ki da nauyi kamar injin wanki, kin kuma ƙi allura. Dole ɗayanmu ya rage, tun da ke kin ƙi, sai ni."

Gudrun ta daɗe tana kallonsa, tana neman inda ƙaryar take. Ta san fuskar yaron nan in yana ƙarya, kunnensa ne ke yin ja. Kunnen bai yi ja ba.

"Wato ramewa kake yi don ka binne ni."

"Da hannuna, in tabbatar an rufe da kyau."

"Ja'iri. To sai na ƙara ƙiba, in ga ƙarshen allurar taka."

Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da kek na kirki. Wannan karon siriri ta yanka, har ana hango zanen faranti ta cikinsa, yankan da in baƙo ta yi wa sai an yi shekara ana gulmarta. Ta kori Sofus waje ta rufe ƙofa, ta ce wa Asger ya ɗora hannunsa ɗaya a kan tebur inda za ta gan shi.

"Loma ɗaya. In ka yabe ni, kofin nan zan juye maka a ka."

Ya sa a baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ta ƙura masa ido.

"Sukari daidai. Burodin ya jiƙu daidai. Amma kin yi rowar jam, kamar yadda kike yi tun ina yaro. Duk dangi sun sani, tsoro ne ya hana su faɗa."

"Rowa? Ni?"

"Mutum sai ya tona kamar mai neman zinariya kafin ya ga ja. Hannunki bai canza ba, Mormor. Halin ne ma bai canza ba."

Dariya ta ƙwace mata, irin mai girgiza tebur, har sai da ta cire tabarau ta goge ido da gefen rigar girkinta. Ta ce daga yau aikinsa ke nan, loma ɗaya duk Lahadi da gaskiya a kai, kuma in ya kuskura ya gaya wa uwarsa maganar harshenta, ita ma ta san hanyar wurin aikinsa. Ya ce ya yarda.

Da ya miƙe zai tafi, wandon ya zame har sai da ya cafke shi. Gudrun ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko ƙusa da guduma.

"Kawo bel ɗin nan in huda maka sabon rami. Ba zan yarda wando ya faɗi a gaban fasto kana ɗauke da ni ba."

"Huda biyu, don har yanzu da sauran aiki."

"Ɗaya. Ka dawo Lahadi in ga ko allurar taka ta cancanci na biyu."