Wa Ke Fasa Mini Ƙwai

Shekarar da na sayi fararen talotalo uku a tashar mota ta Circle, babu wanda ya isa ya gaya mini magana a unguwarmu ta Nima. Mai sayarwa ya ce irin Turai ne, ƙwansu ya kusa dunƙulen hannu. Baƙaƙen na maƙwabcina Issaka kuwa, ungulu nake ce musu a gabansa.

Da suka fara ƙwai, kullum sai in tarar da shi a fashe, ɓawon kamar takardar sigari. Na Issaka garau. Nan take na gane hassada ce. Katangarmu ta kwano ce, da huda a jiki, kuma na taɓa kama shi yana leƙe.

Wata rana bayan la'asar na tare shi a ƙofar masallaci, na ce, "Issaka, da me kake tsokale mini ƙwai?"

Ya ce, "Maigida, tsuntsayenka haki suke yi tun safe. Irinsu ba ya son zafin garin nan."

Na ce ƙarya yake. Washegari na jawo liman da ladan su zama shaida, muka zauna a benci gaban akurki, rana tana dukanmu har azahar. Muna kallo ɗaya daga cikinsu ta tsuguna, ta saki ƙwai, ya fashe a ƙarƙashinta. Issaka yana can kasuwar Mamobi.

Liman ya share gumi, ya ce, "To, Sufeto, sai ka kama ta."

An fi shekara goma yanzu. Har yau in ƙwai ya suɓuce wa mai shayi, sai wani ya ce, "Kada a share. A kira Sufeto tukuna."