Lodin Farantan Sola Zuwa Samaniya

Allah ya jiƙan abokina, Injiniyan Samaniya. Tun da muka binne shi na rasa mai cika min kunne, shirun kuwa ya dame ni. Duniya ba ta san irin ƙwaƙwalwar da ta rasa ba. Mutum ne da ya gyara 'yan fitilun caji a shagonsa, daga nan ya ga ƙasa ta yi masa kaɗan.

Shirinsa mai sauƙi ne, in ji shi. A kai farantan sola can saman gajimare inda rana ba ta faɗuwa, a harhaɗa su, su riƙa turo wuta ƙasa ba waya. Abin da ya rage kawai mai kai kayan. Roka kuwa, a iliminsa, babbar mota ce da aka tsayar a kan gindinta. Sai ya nemi zama da direbobin tasha don su karɓi lodin. Ya ƙwama tabarau, ni na riƙe farantin gwaji.

"Ya ku ma'abota sitiyari," ya ce, "tarihi na kiranku! Sawu dubu nake buƙata. Faranti, ƙarfe, kusoshi, da igiya mai kyau."

Wani direba ya ce, "Injiniya, yaya hanyar?"

"Ba rami, ba shinge. Zuwa duk hawa ne, dawowa duk gangara. Man zuwa kaɗai za ku sha."

Wallahi har sun fara gyara zama. Sai shugaban direbobi ya yi gyaran murya.

"To dawowa me za mu ɗauko?"

Abokina ya buɗe hannuwa. "Haske!"

"Ba kai ka ce da kansa yake saukowa ba?"

"Haka ne."

"Wato mu dawo fayau? Haba, Injiniya! Ko garin surukaina ba na zuwa in dawo ba kaya."

Nan taro ya watse. Wani mai a-kori-kura ma ya ƙi ɗaukar mana farantin, wai hanyar gidanmu ba lodin dawowa. Abokina ya aza farantin a ka, muka taka, yana ta yi min bayanin jahilcin mutane, ni ina bin inuwarsa.

Iyakar saman da farantin nan ya taɓa kaiwa ke nan. Kuma marigayin, Allah ya yi masa rahama, gajere ne.