Makulli Ɗari Huɗu da Sha Biyu na Bai Svetlozar

Duk wanda ya ce garin Kriva Lipa bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai ga Bai Svetlozar Karamfilov yana ratsa dandali da safe ba. "Bai" ɗin nan lakabin girmamawa ne a can, kamar a ce Malam. Za ka ji shi kafin ka gan shi. Shekara ashirin da shida yana rataye da makullan ofishin magajin gari a ƙugu, har aka raɗa masa Kacau-Kacau, shi kuwa ya ɗauka kirari ne. Ga shi da tausayin jahilai. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya fara yi maka bayanin yadda agogo yake aiki.

Bara kakarsa ta yanke saƙa. Hukuma ta sayo manhajar bin sawun makullai ta damƙa masa. Kowane makulli da lambarsa. Ka ɗauka, kwamfuta ta rubuta sunanka da lokacin, ka makara ba ka dawo da shi ba, layinka ya koma ja. Kuma ba na gari kaɗai ba, har na ƙauyuka bakwai: ɗakunan taro, ƙananan coci-coci, ƙofofin maƙabartu, ɗakunan famfo da makarantun da aka rufe.

A ranar ya ɗinka sabuwar kwat.

"Jama'a," in ji shi a taron ƙaddamarwa, yana buga tebur, "a Jamus ko makullin banɗaki yana da lamba! Mu kuma makullin cocin da ya shekara ɗari biyu yana kwana ƙarƙashin tukunyar fure. Daga yau tukunya ta yi ritaya. Mai son makulli ya hau bas ya zo gari, ya same ni, ni in tambayi na'ura."

Bas ɗin sau biyu yake zuwa a rana, in direban bai tafi tsinkar inabi ba.

Da yake shugaba ne mai adalci, da gidansa ya fara. Ya tsaya a tsakar gida ya umarci matarsa Pavlina ta miƙa makullin ƙofar gida. Ta dube shi, ta goge hannu a zanen girki, ta shiga ciki ta kawo. Ya ɗaura masa lamba ta ɗaya. Bai damu da rabuwa da shi ba, don shekara talatin rabonsa da buɗe ƙofar nan da hannunsa. Gyaran murya yake yi daga bakin shinge, a buɗe masa.

Sai ƙauyuka. Ya tafi da shirin faɗa, har da takarda mai hatimi biyu, amma ko musu ba a yi masa ba. A kowane ƙauye tsohuwar da ke maƙwabtaka da coci takan ce, "To, ɗan nan," ta shige ɗaki ta fito da gwangwanin biskit cike da makullai. Baba Gergina ta ƙauyen Orlitsa, mai shekara tamanin da uku, har zaɓar masa manya-manya ta yi, wai sun fi dacewa da mutum mai girma irinsa. Ya dawo da ɗari huɗu da sha biyu, alhali ƙofofin da ke takardarsa tamanin ne. Nan take ya rubuta rahoto cewa ya gano ƙofofi fiye da ɗari uku da hukuma ba ta san da su ba.

Wata takwas cur allon kwamfutar yana kore shar. Ba makullin da ya ɓata, ba wanda ya makara. Gaskiya ma, ba wanda aka taɓa zuwa nema. A ƙauyuka ana ta binne matattu, ana ɗaurin aure, ana share coci kowace Asabar, amma tambayar yadda ake shiga ba aikin babban mutum ba ne.

"Ɗa'a ke nan," yake gaya wa masu shan kofi a dandali. "Na koya musu ɗa'a."

Labari ya kai lardi. Aka ce in tsarin ya tabbata, makullan lardin gaba ɗaya za a ba shi. Kafin a gama faɗa ya buga katuna ɗari biyar: Babban Daraktan Makullai. Saura kawai jami'a ta zo ta gani da idonta.

Uwargida Desislava Yoncheva ta iso ranar Talata. Ya yi mata awa ɗaya da rabi yana bayanin launin kore. Da ya tsaya shan ruwa, ta ce, "Yallaɓai, mu gwada ɗaya mana."

Gwadawa! Abin ya sosa masa rai, amma ya yafe mata, yarinya ce. Ya danna, na'ura ta ce lamba tamanin da bakwai, cocin Orlitsa. Suka shiga mota.

Makullin ko ramin bai shiga ba. Ya juya shi, ya hura ramin, ya tofa masa yawu. Ya ce damshi ne ya kumbura ƙofar. Baba Gergina tana zaune a kan benci tana ɓare gasasshen barkono, tana kallonsu.

"Baba," in ji jami'ar, "wannan makullin na ina ne?"

Tsohuwa ta karɓa ta kai shi kusa da ido. "Allah sarki! Na akwatin marigayi mijina ne. Akwatin ma mun hura wuta da shi tun shekarar babban sanyi." Ta nuna da haɓa. "Ɗaga tukunyar can, 'yar nan, yana ƙarƙashi. Ki mayar in kin gama."

"Baba Gergina!" Bai Svetlozar ya daka tsawa. "Kin yaudari hukuma!"

"Kai, Svetlo, ni na yi maka wanka kana jariri. Makulli ka ce, makulli na ba ka. So kake in hau bas duk lokacin da zan kunna kyandir?"

Suka zaga ƙauyuka bakwai. Na maƙabartar wani ƙauye na tarakta ne, na ɗakin famfo kuma na agogon bango. A ƙauye na biyar jami'ar ta daina tambayarsa, tana sauka daga mota sai ta nufi tukunya. A na bakwai ta rufe littafinta, ta karɓi banitsa mai zafi, irin burodinsu mai cuku, daga hannun wata tsohuwa, ta ce masa za a tuntuɓe shi.

Da la'asar ya koma ofis. Allo na nan kore shar. Pavlina ta tafi wurin 'yar'uwarta dafa miyar barkono ta hunturu, sai gobe za ta dawo. Don haka ya zauna ya shigar da sunansa da lokaci yadda doka ta ce, ya ciri lamba ta ɗaya. Ko ba komai, a ransa, akwai gida guda a ƙasar nan da ake jin maganarsa.

Ya sa makulli a ƙofarsa. Ya ƙi juyawa. Ya sake, ya haɗa da kafaɗa, katunan Babban Darakta suka zube daga aljihunsa.

Maƙwabciyarsa Stoyanka ta leƙo ta kan shinge.

"Bai Svetlozar, kar ka ɓalla ƙofar mutane. Wannan ai na tsohon akurkin kajinku ne. Ɗaga tukunyar. Kuma Pavlina ta ce in ka gama ka mayar."