Yadda Za Ka Mallake Manhajar Jama'a da Makulli Kawai

Mai Makulli azzalumi ne, kuma zaluncin nasa irin na raggaye ne. Mutane sun haɗa kai don Allah suna gina manhaja ta kyauta, wadda ƙananan makarantu ke haɗa sakamakon jarrabawa da ita. Sun bar cikinta a buɗe, duk wanda ya iya ya duba, ya gyara, ya kwafa. Shi ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa a cikinta ba, amma sai aka wayi gari ba mai yin tari a tafiyar sai da izininsa.

In kai ma kana kwaɗayin irin wannan mulki, ga hanyar da ya bi daki-daki. Ka bi ta yadda take, tabbas abin da ya samu kai ma za ka samu, ba ragi.

1. Nemi aikin da kowa ke gudu

Kada ka kuskura ka ce za ka taɓa manhajar kanta. A can ba a daɗewa ake gane jahili. Ka duba gefe, inda shara ta taru.

Da farko zauren imel ɗaya jama'ar ke da shi: wanda ya aika wasiƙa, kowa ya samu. Wannan ya tambayi yadda ake saka manhajar, wancan ya kawo gyara, wani ya ce an yi masa haihuwa a sa shi a addu'a. Hayaniya kamar tasha, amma aiki na tafiya.

Mai Makulli ya je ya sami wanda ya fara aikin, dattijon da ake kira Uban Tafiya, a shagonsa na gyaran kwamfuta da ke ƙarƙashin bene, inda matattun firintoci suka kusa taɓa silin. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan hayaniyar ba girmanku ba ne. Ku ji da gini, ku bar mini shara."

Dattijo na riƙe da sukudireba a baki. Ya yago gefen kwali, ya rubuta masa kalmomin sirri na zauren da na shafin intanet gaba ɗaya, ya zare sukudireban ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka sauke mana kaya."

Ka lura da kyau. Mutanen kirki ba sa tambayar dalilin da ya sa ka ɗauki tsintsiya. Wannan rauninsu ne, kuma jarinka ne.

2. Raba zaure ɗaya ɗaki-ɗaki

Inda mutane ke jin juna, ba sa bukatarka. Saboda haka ka sa bango.

Mai Makulli ya rushe tsohon zaure. Ya buɗe zauren sanarwa, inda shi kaɗai ke magana. Ya buɗe na masu gini, da na masu amfani da manhaja, da na waɗanda suka fara amfani da ita kwanan nan, ba tare da ya faɗi ranar da sabo ke zama tsoho ba. Ya buɗe zauren ƙorafi. Da aka fara ƙorafi a kan yawan zauruka, sai ya buɗe zauren ƙorafi a kan zauruka. Akwai kuma wani na musamman, don tattauna ko ya dace a buɗe wani.

Malaman makarantu da ke da matsala suka koma ɗaki guda suna tambayar junansu, makaho na yi wa makaho jagora. Masu iya gyara suka koma wani ɗakin suna mamakin yadda manhajarsu ta daina ɓaci. In an tambaye ka sunan wannan abu, ka ce tsari ne.

3. Tsare kowace wasiƙa, ka bar na'ura ta yi maka rashin kunya

Kowane zaure ya ba shi lamba, ya ce dole kan wasiƙa ya fara da lambar. Wadda ta zo da lamba, sai ta zauna a tsare har ya gama karin kumallo ya duba ta. Wadda ta zo babu lamba, na'urar zauren ce ke amsawa nan take: "Wannan ba zauren da ya dace ba ne. A karanta ƙa'idoji." A ƙasa kuma ta maƙala wasiƙar mai laifin.

Abu biyu ya ƙara, kuma da su yake alfahari. Na ɗaya, ya sa amsar ta riƙa zuwa ga duk adireshin da ke kan wasiƙar, don mai laifi ya ji kunya a gaban abokansa. Na biyu, ya ce amsar na'ura ba a tsare ta, ta wuce kai tsaye zuwa ga kowa, tunda muryarsa ce. Sarki ai ba ya neman iso a gidansa.

Da safe yakan zauna a falo, kwamfuta a cinya, kofin shayi a hannun kujera, yana kallon wasiƙun bayin Allah a jere. Wannan ya sake ta, wannan ya ce ta ƙara kwana don mai ita bai yi gaisuwa ba. Daɗin da yake ji a lokacin, ko ango bai kai shi ba.

4. Gyara shafin intanet har a daina gane shi

Mutum yakan zo shafi ne don ya sauke manhaja. Kada ka bari ya samu da sauƙi, zai raina ka. Mai Makulli ya sa hotonsa a sama, ya dafe haɓa, yana kallon nesa. Ƙarƙashin hoton ya sa tarihinsa, ƙarƙashin tarihin ƙa'idojin zauruka. Maɓallin saukewa ya kai shi can ƙarshe, da rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Lambobin waya da adireshin masu gini duk ya goge, wai don kada a dame su.

Wata rana Injiniya ta kira shi. Ita ce matar da rabin manhajar ya fito daga hannunta, tana yi ne bayan ta taso daga wurin aikinta.

"Malam, ina sunayen waɗanda suka yi aikin nan?"

"Suna nan, Injiniya. Ki shiga Game da Mu, ki shiga Sauran Bayanai, ki shiga Wasu."

"Wasu? Mu ne Wasu?"

"Na wucin gadi ne. In kina da ƙorafi, akwai zaurensa."

Ta yi tsaki ta kashe waya, ta koma aikinta. Haka masu aiki suke, ba su da lokacin rigima. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5. Kada ka san dangi

Nan ake gane gwani. Mai Makulli yana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce malamar da ke riƙe da ofishin jarrabawa a wata makaranta. Shi ne ya cika mata baki a gidan mahaifiyarsu cewa manhajar a tafin hannunsa take, har ta je ta lallashi hedimasta aka jingine tsofaffin rajistoci aka koma kan manhajar.

Ana dab da raba sakamako ta ga ɓaraka. Duk ajin da ke da yara biyu masu suna iri ɗaya, manhajar sai ta musanya musu maki. Yarinyar da kowa ya san ita ke zuwa ta ɗaya ta faɗo ƙasa, takwararta da ke barci a bencin baya ta haye sama. Yayar ta rubuta wa zauren masu amfani, na'ura ta ce ba nan ba. Ta sa lamba ta sake aikawa, ya riƙe wasiƙar, daga baya ya amsa cewa wannan ƙorafi ne. Ta kai zauren ƙorafi, ya ce wannan batun masu gini ne. Zauren masu gini kuwa, sai mai gini ke shiga.

Ranar hutu ta zo gidansa, ko gyale ba ta sauke ba.

"Auta, wai me nake gani haka? Kai ne kake dawo mini da wasiƙa?"

"Yaya, zauna mana. A kawo wa Yaya ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Hedimasta ya ce ranar raba takardu ba za ta motsa ba. In suka fita a haka, ni za a tsayar gaban iyayen yara, kuma kujerata ta tafi. Ba ni lambar matar nan mai gyara."

Lambar tana cikin wayarsa, wayar tana kan hannun kujera. Ya kalli wayar. Ya san in ya ba Yaya yau, gobe kowa zai gane ana iya isa wurin Injiniya ba ta ƙofarsa ba. Ya tura wayar ƙarƙashin matashi.

"Yaya, in na karya miki doka, da wane ido zan kalli sauran jama'a? Akwai fom na neman shiga zauren masu gini. Ki cike, zan duba da idon rahama."

"Fom? Ni da na goya ka? Ni da na wanke maka kashi?"

"Wannan batun gida ne, Yaya. Ba shi da zaure."

Ta ɗauki jakarta ta ce, "Allah ya shirye ka, in kana da rabo."

Shi kuwa har ya ji ƙwalla, don tausayin kansa. Riƙon amana da wuya.

6. In gobara ta tashi, ka ce haske ne

Safiyar ranar raba takardu Yaya ta koma ofishinta, ɗan ɗakin da ke kusa da sito, mai fanka mai kuka. Ba ta san dabarar komai ba, haushi kawai take ji. Ta kwashe adireshin zaurukan nan kaf, ta jera su a kan wasiƙa ɗaya, ba lamba ba gaisuwa, ta zayyana ɓarakar, ta rufe da cewa: "Duk wanda ke da rai a gidan nan ya amsa mini."

Na'urar zauren sanarwa ta amsa wa kowa cewa ba nan ba ne. Na'urar zauren ƙorafi ta ga amsar ta zo babu lambarta, ta ce mata ita ma ba nan ba ne. Ta masu gini ta tsawata musu su biyun. Kowace tsawa ta haifi wasu, kuma ba mai tsare su, tunda muryar sarki ce. Kafin a tashi daga aiki wayoyin jama'a sun ɗau zafi, wasiƙu na zuba kamar ruwan sama a kan kwano, kowace ɗauke da kukan Yaya a gindinta.

Ta haka Injiniya ta karanta kukan da aka yi kwanaki ana ɓoye mata. Gyaran bai ci mata yammaci guda ba. Sai dai ya zo a makare. An riga an raba takardu a makarantar Yaya. Ta tsaya gaban iyaye tana ba da haƙuri, uban yarinyar da aka zalunta yana nuna ta da yatsa, hedimasta kuma ya karɓi makullin ofishin jarrabawa ya ba wani. Ashe ba ita kaɗai ba ce, makarantu da dama sun sha irin wannan, kukansu na tsare.

Mai Makulli ya fitar da sanarwa cewa yawan wasiƙun nan shaida ce ta bunƙasar tafiya. Kai ma ka tanadi irin wannan jimla.

7. Riƙe makulli gam

Uban Tafiya ya kira shi shago. Injiniya na zaune a kan wata matacciyar firinta.

"Ɗana, kwalin nan da na ba ka, dawo da shi."

"Ranka ya daɗe, na canza kalmomin tuni, saboda tsaro."

"To faɗa mana sababbin."

"Sai an tattauna a zauren da ya dace."

Injiniya ta yi dariya, ba ta daɗi ba. "Baba, bar shi. Ƙofa ya riƙe, ai bai riƙe gidan ba."

Mai Makulli ya fito yana murmushi, a ransa yana cewa ya yi nasara. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Shekarun da ya yi a tafiyar bai taɓa tsayawa ya fahimci abin da buɗaɗɗiyar manhaja ke nufi ba: kowa na da ikon kwafarta ya tafi da ita. A makon nan suka kwafe ta, suka sa mata sabon suna, suka buɗe shafi mai maɓalli ɗaya a tsakiya, da zaure ɗaya mai hayaniya. Malamai suka bi su, wannan ya gaya wa wancan.

Sanarwar kare kai

Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. In yayarka ta daina amsa sallamarka, in mahaifiyarku ta ce kada ka ƙara kawo mata zancen kwamfuta a ɗakinta, kada ka nemi mai wannan rubutu. An yi maka alkawarin abin da Mai Makulli ya samu ne, kuma ga shi.

Ba wanda ya ƙwace masa komai. Zaurukan na nan, ba kowa a ciki. Kamfanonin imel kuwa, tun ranar ambaliyar nan, sun sa adireshinsa a sahun masu watsa shara. Yau duk wasiƙar da ta fito daga hannunsa, ta neman aiki ce ko ta ta'aziyya, kwandon shara take faɗawa.